Ɗan Injin Akwatin Kifi: Daga Hura Iska Zuwa Zuƙe Ta



Duk wanda ya taɓa shiga ofis, ko otal, ko gidan da ake ajiye kifin ado a akwatin gilashi, ya ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasan ruwan zuwa sama. Idan ya bi siririn tiyon da kumfar ke fitowa daga cikinsa, zai kai shi ga wani ɗan inji a gefe, wanda za a iya riƙe shi a tafin hannu ɗaya, yana ta ƙugi a hankali dare da rana. Aikinsa shi ne hura iska cikin ruwan domin kifin ya samu abin shaƙa. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ma suna sa irinsa a tankunan 'ya'yan kifi. Wutar da ƙanana daga cikinsu ke ci ba ta wuce wat 2 zuwa 5 ba, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na injin zuƙe iska na masana'anta ko na ɗakin gwaje-gwaje ba.

To, wannan ɗan inji, da sukundireba ɗaya da ɗan gam da natsuwa, ana iya juya shi ya daina hura iska ya koma zuƙe ta. Masu haɗa kayan lantarki a ƙasashe da dama sun daɗe suna yin haka. Ni kuwa ina ganin dabara ce da ya kamata ta shiga shagon kowane mai gyaran waya da ajin kowane malamin kimiyya a garuruwanmu. Amma ina da sharaɗi guda, kuma a kansa sharhin nan zai tsaya: duk wanda zai yi wannan aiki ya san dalilin da ya sa injin ke zuƙa, ya kuma san inda ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya kwaikwayi dabarar bai san waɗannan biyun ba, wata rana zai lalata kayan mutane, ko ya jefa ran wani cikin haɗari.

Bari mu fara da iskar kanta. Muna tafiya a cikinta ba ma jin ta, sai mu ɗauka ba ta da nauyi. Tana da shi kuwa, mai yawa. A bakin teku, iskar da ke sama da mu tana danna kowane ɗan fili mai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 1 da nauyin da ya kai kusan kilo 1. Ba ma jin wannan danni ne saboda yana zuwa ta kowace fuska, ciki da waje, ya daidaita. Amma da zarar an rage iskar da ke cikin wani rufaffen abu, sai ta waje ta fi ƙarfi, ta danno. Abin da muke kira zuƙa ke nan. Wanzaman ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da wannan. Wanzami ya kifa ƙaho a bayan mutum, ya sa baki a ɗan ramin da ke tsinin ƙahon ya janye iskar ciki, ya toshe ramin. Ƙahon ya manne, fata ta kumburo a cikinsa. Babu gam, babu igiya, iskar waje ce ta riƙe shi.

Masana sun daɗe suna bin sawun wannan al'amari. A shekarar 1206, injiniyan nan Al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki a ƙasar da a yau ake kira Turkiyya, ya kammala littafinsa na na'urori, kuma a ciki ya bayyana famfon da ke zuƙo ruwa ta bututu, da bawul mai barin ruwa ya wuce ta fuska ɗaya kawai. Bayan ƙarni huɗu, masu aikin famfo a Italiya suka rasa gane abin da ya sa famfon zuƙa, komai kyansa, ba ya iya ɗago ruwa fiye da kimanin mita 10. Wanda ya warware matsalar shi ne Torricelli, almajirin Galileo, a shekarar 1643. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi a cikin kwano mai zaiba, sai zaibar ta sauka ta tsaya a tsayin santimita 76. Zaiba ta ninka ruwa nauyi sau 13 da ɗoriya, don haka santimita 76 na zaiba daidai suke da mita 10 da 'yan kai na ruwa. A nan aka gane cewa iyakar nauyin iska ke nan, ba za ta iya tura ruwa sama da haka ba.

Manoman rani na fadama sun san wannan iyaka a aikace, ko da ba su taɓa jin sunan Torricelli ba. Idan ruwan rijiya ya ja ƙasa a watan bazara, injin ban ruwa sai ya yi ta kuka ba ya kawo komai, domin a zahiri da wuya ya zuƙo daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8. Shi ya sa za ka ga an haƙa rami an saukar da injin kusa da ruwan. Ƙara masa mai ko ƙara masa gudu ba zai sauya komai ba.

Shi kuwa injin zuƙe iska na farko, Otto von Guericke ne ya ƙera shi wajen shekarar 1650, lokacin yana magajin garin Magdeburg a Jamus. Ya sa aka ƙera masa rabin ƙwallo biyu na tagulla, faɗinsu kusan rabin mita, ya haɗa bakinsu, ya zuƙe iskar ciki. Aka ɗaura dawakai 16, takwas a kowane gefe, suka ja suka kasa raba su. Lissafi ya nuna nauyin iskar da ke danne da su ya kusa tan 2. Da aka buɗe wa iska hanya ta koma ciki, sai suka rabu babu wahala. Daga baya Robert Boyle da Robert Hooke suka gyara irin wannan inji a Ingila, kuma a 1662 Boyle ya fitar da ƙa'idar da ɗalibanmu na sakandare ke haddacewa har yau, wadda ta ce idan danni ya ragu a kan iska sai ta buɗe ta ƙara girma.

Yanzu mu buɗe cikin ɗan injinmu mu gani. Idan ka ɗaga murfin, abubuwa huɗu za ka tarar. Akwai koyil, wato siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe a jikin ƙarfe. Akwai wani ɗan hannu mai lilo, da maganaɗisu a bakinsa, yana fuskantar koyil ɗin. A tsakiyar hannun an ɗaura wata baƙar roba mai laushi, mai siffar ɗan kofi. Robar kuma ta rufe bakin wani ɗan ɗaki na roba mai ƙarfi, wanda a cikinsa akwai bawul guda biyu, 'yan siraran leɓɓan roba ne da ba su kai faɗin farce ba. Wutar gidajenmu, a Najeriya da Nijar, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka koyil ɗin yana jawo maganaɗisun ya ture shi sau 50 a daƙiƙa, hannun ya yi ta karkarwa, robar ta yi ta shiga tana fita. Ƙugin da kake ji ke nan.

Wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane sauran da sauƙi, domin aikin zugazugi ne sak. Yaron maƙeri idan ya ɗaga fatar, sai ya buɗe bakinta da yatsunsa iska ta shiga. Idan zai danna, sai ya matse bakin, iskar ta rasa hanya sai ta bututun da ya nufi wuta. Aikin da yatsun yaron ke yi, shi bawul ɗin nan biyu suke yi. Roba ta ja baya, bawul na farko ya buɗe iska ta shigo, na biyu ya rufe. Roba ta danno, na farko ya rufe, na biyu ya buɗe iska ta fita.

A nan ne asirin dabarar yake. Duk injin da ke hura iska ta baki ɗaya, dole yana zuƙo ta ta wani bakin. Injin kifi dama can yana zuƙa, sai dai masu ƙera shi sun ɓoye bakin zuƙar a cikin akwatin, suka fito da bakin hurawa waje inda ake sa tiyo. Aikinka kawai shi ne ka kai tiyonka ga ɗaya bakin. Ka kuma lura, bawul ne ke zaɓa wa iska hanya. Juya fulogi a soket ba zai sauya komai ba. Haka ma ƙananan injinan da ke aiki da batir ko cajar waya: ko ka musanya wayoyin motar ta juya baya, iskar ba za ta sauya fuska ba.

Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, cire fulogin daga soket. Kashe makunni bai isa ba, kuma kada ka ce ai an ɗauke wuta, domin ba ta sallama idan za ta dawo. Wayoyin da ke shiga koyil ɗin suna ɗauke da cikakkiyar wutar gida, wadda ta haura bolt 200, kuma tana kisa. Bayan ka cire, ka kifa injin, ka kwance sukurorin da ke ƙasa, wasu a ɓoye suke a ƙarƙashin ƙafafun roba. Kafin ka motsa komai, ka ɗauki hoton cikin da wayarka, don ka san yadda za ka mayar.

Hanya ta farko ita ce mafi tsafta. A injina da yawa, ɗan ɗakin bawul ɗin sukuru ɗaya ne ya riƙe shi, ko kuma an zura shi ne kawai a cikin gurbi. Ka zare robar daga bakinsa a hankali, ka ciro shi, ka duba ramukan da ke bayansa. Ɗaya na shigar iska ne, ɗaya na fita. Ka juya shi yadda ramin shiga zai koma daidai da bakin da ake sa tiyo, ka mayar da siririyar robar da ke tsakanin ɗakin da gurbinsa yadda ta dace, ka ɗaure. A wasu injinan kuma leɓɓan bawul ɗin za ka ciro da hantsaki ka musanya musu wuri. Ka kama su da tausayi, domin idan ɗaya ya yage ko ya lanƙwashe, aikin ya ɓaci.

Idan ƙirar injinka ba ta yarda da juyi ba, akwai hanya ta biyu. Ka bar cikin yadda yake. Ka nemo ramin da iska ke shiga akwatin, yawanci yana ƙasa, an toshe shi da ɗan auduga ko soso. Ka kafa ɗan bututu a wannan rami da gam, sannan ka bi duk gaɓar murfin, da inda wayar wuta ta shiga, da ramukan sukurori, ka liƙe su tsaf. Yanzu iska ba ta da ƙofar shiga sai bututunka. Tsohon bakin hurawa kuwa ka bar shi a buɗe, ta nan iskar da aka zuƙo za ta riƙa fita. Wasu kuma sukan jefa injin gaba ɗaya cikin robar abinci mai murfin da ke kamawa sosai, su huda murfin wuri uku: na wayar wuta, na tiyon fitar iska, da na tiyon zuƙa. Wannan ma yana aiki, sai dai koyil yana ɗaukar zafi a rufaffen wuri, don haka ba a barin sa a kunne na tsawon lokaci. Idan kuma injinka mai baki biyu ne, to robobi biyu ke cikinsa. Kana iya haɗa su a jere, ɗaya ya zuƙa daga bayan ɗaya, zuƙar ta ƙara ƙarfi.

Da ka gama, ka rufe murfin kafin ka kunna. Ka ɗora yatsa a bakin tiyo, za ka ji ya kama fatar. Amma jin yatsa ba awo ba ne, kuma akwai hanyar awo da ba ta buƙatar agogon gwaji. Ka samo dogon tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa, ka kafa shi a tsaye a jikin bango, ƙasansa a cikin bokitin ruwan da ka ɗiga wa ɗan shuɗi. Samansa ka haɗa da wata kwalba mai murfi, daga kwalbar kuma wani tiyon ya tafi injin, ta yadda ko ruwa ya haura, a kwalbar zai zuba. Ka kunna, ka ga inda ruwan zai hau ya tsaya, ka auna. Tunda cikakken nauyin iska mita 10 ne na ruwa, kowace mita 1 da ruwan ya hau tana nufin injinka ya janye kashi 10 cikin 100 na iskar. Ƙananan injinan kifi yawanci tsakanin mita 1 zuwa 2 suke tsayawa. Ka riƙe wannan adadi, domin da shi za ka san aikin da za ka ba injin da wanda ba za ka ba shi ba.

Aikin da ya fi dacewa da shi yana kan teburin mai gyaran waya. Ka je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko kowace rumfar gyara a Kaduna ko Maraɗi, ka tsaya kan matashin da ya sunkuya a kan fanel ɗin waya, madubi a gabansa, na'urar hura zafi a hannun hagu, hantsaki a dama. Kayan da yake ɗauka wasu tsawonsu milimita 1 ne, faɗinsu rabin milimita, akwai ma waɗanda ba su kai haka ba. Ya matse kaɗan, abin ya zame. Ya matse da ƙarfi, abin ya yi tsalle ya faɗa ƙasa cikin ƙura, shi ke nan sai dai a ciro wani daga mataccen fanel. Idan kuma ɗan kayan nan ne mai faɗi da masu gyara ke kira aisi, hantsaki ta gefe yake kama shi, sai ya sauka a karkace, ko ya ture maƙwabtansa alhali dalma tana narke. Injinan da ke jera waɗannan kaya a masana'antun ƙera waya ba hantsaki suke amfani da shi ba, da zuƙar iska suke ɗaukar kowane ɗaya ta samansa, su ajiye shi a miƙe.

Mai gyara zai iya yin irin wannan da sirinji guda. Ka zare sandar turawa, ka zura tiyon injin ta baya, ka liƙe. Ka huda ɗan rami a jikin sirinjin, daidai inda manuniyar yatsarka ke sauka idan ka riƙe shi riƙon alƙalami. Allurar kuma ka yanke tsininta, ka goge bakin ya yi sumul, ka ɗan lanƙwasa ta. Ka ɗora bakin allura a kan abin da za ka ɗauka, ka toshe ramin da yatsa, sai ya manne. Ka kai shi gurbinsa, ka ɗaga yatsa, sai ya saki. Kada ka raina ƙarfin. Idan injinka ya ɗaga ruwa mita 1 da rabi, baki mai faɗin milimita 2 zai riƙe kusan giram 5, ƙananan kayan waya kuwa ba su kai ko kusa da giram 1 ba. Idan ka sa ɗan kofin roba mai faɗin santimita 1 a bakin, zai ɗaga abin da ya haura giram 100, wanda ya isa ɗaukar gilashin fuskar waya ba tare da yatsa ya ɓata shi ba.

Sai dai ina roƙon masu gyara da babbar murya: sirinji da allura su zama sababbi, daga kantin magani, a cikin ledarsu. Kada wanda ya tsinto daga juji ko kwandon sharar asibiti. Allurar da ta shiga jikin wani tana iya ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau, kuma wajen yanke ta ne aka fi sokewa. Ka kuma cusa ɗan auduga a cikin sirinjin, ta tare ƙurar hunturu da ɓurɓushin dalma kafin su kai ga bawul, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa.

Wuri na biyu shi ne aji. Makarantunmu da yawa suna koyar da dannin iska da ƙa'idar Boyle a kan allo kawai, yara su kwafa su haddace su manta. Malam, ga kayan aiki a hannunka. Ka samo kwalba mai kauri mai faɗin baki, ka kafa tiyo a murfinta. Ka hura balan-balan kaɗan, ka ɗaure, ka jefa ciki, ka rufe, ka kunna inji. Yara za su ga balan-balan yana ƙara girma alhali babu wanda ya hura shi. Ka zare tiyo, ya koma yadda yake nan take. Ka haɗa tiyon da gorar ruwa ta roba wadda babu komai a ciki, su ga ta lotse, ka tambaye su wane ne ya matse ta. Ka kai su bango su auna tsayin ruwan nan da kansu, su yi lissafin kashi nawa aka janye. A darasin sinadarai kuma, idan ka kafa mazurari da takardar tacewa a bakin kwalbar da ake zuƙe wa iska, ruwan da zai daɗe yana ɗiga sai ya wuce da sauri. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya ga haka da idonsa ba zai sake ɗaukar kimiyya tatsuniyar Turawa ba.

Yanzu kuma ga inda linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Na farko, gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Kafin a ɗura musu gas, dole a zuƙe iskar da ke cikin bututunsu, kuma babban dalilin shi ne danshi. Ruwa yana tafasa a ƙaramin zafi idan dannin iska ya ragu. A Jos, saboda tsayin wurin, yana tafasa a kusan digiri 96 maimakon 100. Amma kafin ya tafasa ya zama tururi a zafin ɗaki, sai an janye kusan kashi 97 cikin 100 na iskar, kuma ƙwararrun masu gyaran firiji sukan ci gaba da zuƙa har abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Ina injin da ke janye kashi 15 cikin 100 zai kai nan? Danshin da aka bari zai daskare ya toshe siririn bututun firijin, ya kuma gauraya da mai ya zama guba ga kwamfureso. Mai firiji ya biya kuɗi, bayan 'yan watanni ya dawo da mataccen kaya. Wanda ya yi masa wannan aiki da injin kifi ya ci amanarsa. A ƙara da cewa gas ɗin firiji da yawa na zamani, mai lamba R600a, yana kama wuta.

Na biyu, kuma mafi girma, jikin ɗan Adam. Kada a sa wannan inji a hancin jariri don zuƙe majina, ko a kan rauni, ko a nonon mai shayarwa, ko a yi ƙaho da shi. Ba a iya dafa cikinsa ko wanke shi a kashe ƙwayoyin cuta, ba shi da abin daidaita ƙarfi, kuma duk abin da ya zuƙa yana fesa shi cikin iskar ɗakin da jama'a ke shaƙa. Na'urar asibiti an ƙera ta ne da kariya daga duk waɗannan. Na uku, kada a zuƙi fetur, ko tururinsa, ko gas ɗin girki, ko sinadarin da ke cin roba. Akwatin da wutar lantarki ke ciki ba wurin tururin mai ba ne. Kada kuma ruwa ya shiga cikinsa, shi ya sa kwalbar tsakiya ta zama tilas a duk aikin da ya shafi ruwa. Kwalba mai tsaga ko mai siririn jiki ma a guje ta, kuma yaro kada ya yi wannan aiki sai da babba a kansa.

Jama'a, abin da ya sa na ba wannan ɗan inji lokaci mai tsawo haka shi ne, matasanmu ba su rasa basira ba. Mun ga masu gyaran janareta da masu naɗin koyil da masu walda suna tayar da abin da aka ce ya mutu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayanin dalili. Yaro yakan shekara a shago yana ganin maigidansa yana yi, ya iya kwaikwayo, amma ranar da aka kawo ƙirar da bai taɓa gani ba sai ya tsaya cak. Wanda aka nuna wa bawul biyun nan, aka sa shi ya hura ya ji wanne ke buɗewa ta ina, ya samu mabuɗin da zai buɗe masa famfon keke, da famfon burtsatse, da famfon man mota, domin duk ƙa'idarsu ɗaya ce. Shi ne kuma zai iya kallon mai kaya ya ce masa, Alhaji, wannan aiki ya fi ƙarfin kayan da nake da su, a kai wa mai injin da ya dace. Wannan magana tana cikin ƙwarewa, kuma ita ke sa a dawo wurin mutum gobe.

Saboda haka ina kira ga iyayen gida masu shaguna, ku zauna da yaranku ku buɗe injin nan tare, ku bar su su yi tambaya. Malaman kimiyya da na makarantun koyon sana'a, kada ku jira sai an kawo muku kaya daga waje kafin ku nuna wa ɗalibai nauyin iska, kuɗin injin kifi da tiyo da kwalba bai fi ƙarfin makaranta ba. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye, ku ba malamin da ya zo da wannan buƙata hannu. Ku kuma matasa, ku gwada, ku auna, ku rubuta abin da kuka samu, ku cire fulogi kafin ku buɗe, kuma kada ku ɗora wa ɗan injin nan aikin firiji ko na asibiti.

A nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kare mu daga haɗari.